Yadda Na Kusa Kashe Muryar Baba Haladu

"Ka ji wai muryar Haladu mai shela ta mutu?"

"Wane Haladun? Wanda na jiyo jiya tun daga bakin gada yana cigiyar akuya?"

"Shi fa. A kwamfuta aka gwada, aka ce ta tashi daga aiki."

"Allah ya sawwaƙe. Wa ya gwada?"

"Wannan mai rubuta wasan rediyon, mai yawo da jaka."

Ina bayansu a kan bencin mai shayi, jakar tana kan cinyata. Na sauke ta a hankali, na tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa.

Baba Haladu mutumin Ɗankaza ne. Da koren shanu ya fara shigowa kasuwar Wudil yana saurayi. Wata Juma'a bijimin ubangidansa ya ɓace, ya hau kan katanga ya yi cigiya, har masu kifi a bakin kogi suka ɗago kai. Ba a ga bijimin ba sai bayan kwana biyu, amma tun a ranar kasuwa ta samu mai shela. Shekara arba'in ke nan. Ɓatan dabba, ranar allurar shanu, taron manoma, duk ta bakinsa ake ji. Ba ya karatun boko. Sau ɗaya za ka karanta masa takarda ya riƙe, har da inda ka yi tari.

Yanzu kasuwa ta cika da ƙananan lasifikoki masu maimaita magana ɗaya tun safe, ƙirjinsa kuma ya fara gajiya da ihu. Shi ya sa da wani kamfanin shirye-shirye a Kaduna ya karɓi wasana, na ce ba wanda zai fito a Sarkin Kasuwa sai shi. Aiki ne na zaune, a inuwa, mako hamsin da biyu. Ya je gida ya faɗa wa iyalinsa za su ji shi a rediyo.

Mai shirya wasan, Malam Saifuddeen, ya ce a haɗa su ta kiran bidiyo ya ji muryar. Na shiga Kano musamman na sayo hedifon marar waya, mai bulutut, baƙi mai sheƙi. Na gwada shi da kiɗan kalangu, na ji kamar makaɗin yana zaune a kafaɗata. Ranar gwaji na shimfiɗa wa Baba darduma a zaurena, na ɗora masa hedifon a kan hula da hannu biyu, kamar mai naɗa sarauta. Dattijo ne kuma baƙona, ai shi ya kamata ya sa abu mai kyau.

Da yake sautin duk a kunnensa yake, ni ban ji abin da ake faɗa daga Kaduna ba. Fuskar Malam Saifuddeen kawai nake gani a kwamfutar tana yamutsewa. Baba kuwa yana ta "to, to, madalla," yana ƙara ɗaga murya.

Bayan an gama Malam Saifuddeen ya kira ni a waya. "Malam Garzali, wannan ce muryar da ka cika mu da labarinta? Kamar ana magana cikin gwangwani. Tana karkarwa, tana yankewa. Kuma ina jin kunnensa ma ya yi nauyi. Na ce ya sassauta, sai ya ƙara ihu."

Lokacin gwajin ina zaune kusa da Baba, gwiwata tana taɓa tasa, na ji muryarsa da kunnena garau. Ni ne kuma mai cika baki cewa in na ji sallamar mutum sau ɗaya zan gane shi bayan shekara goma. Amma da mutumin Kaduna ya ce tana karkarwa, sai na tsaya na yi tunani, na ce lallai ni ma na ɗan ji karkarwar.

Ya ba mu mako ɗaya. In ranar Alhamis ba ta gyaru ba, akwai ɗan wasa a can yana jira.

Na shiga jinya. Zuma daga Darki, citta, kanumfari, ruwan ɗumi safe da yamma. Na hana shi ruwan sanyi. Na hana shi goro, abin da ko matarsa ba ta taɓa iyawa ba. Wurin mai kayan yaji ne bakina ya kufce na faɗi dalili, daga nan labari ya zaga gari. Baba kuwa ya bi duk dokokina. Yana shan abin da na ba shi, yana godiya.

Ranar Laraba da hantsi na ce mu yi gwaji. Na kira maiɗakina Sharifa, wadda take aikin sakatariya a jami'a, taron bidiyo kuwa kusan kullum sai ta haɗa wa shugabanninta. Duk makon nan ban tambaye ta komai ba, don a ganina harkar murya tawa ce. Tana hutu a gida, ta ɗauka a wayarta daga tsakar gida. Minti ɗaya ba a yi ba sai ga ta a ƙofar zaure da mayafi.

Ta durƙusa ta gaida Baba, sannan ta tambaye shi, "Baba, ni yaya kake jin tawa muryar?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Lafiya lau, 'yata."

"Baba, don Allah."

"To... kamar kin faɗa rijiya kina kira a ciro ki."

"Mutumin Kaduna fa?"

"Shi tasa rijiyar ta fi zurfi."

Na ce, "Haba Baba! Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

"Malam, ka tashi takanas ka je birni ka sayo abu, ka ɗora min da hannunka a cikin gidanka. In buɗe baki in ce ba shi da kyau?"

Sharifa ta jawo kwamfutar gabanta. "Abban Hafsat, kayanka lafiyarsu ƙalau. In sauraro kawai kake yi, hanyar bulutut ɗin duk ta sauti ce. Da zarar kira ya buɗe makirfon da ke jikinsa, sai hanyar ta rabu biyu, ya koma irin sautin tsohuwar waya. Mai ji ya ji a dagule, mai magana ya fita a dagule."

Ta shiga saitin sauti na manhajar kiran. Wurin makirfo ta cire sunan hedifon ta zaɓi na jikin kwamfutar, wurin sauraro ta bar hedifon. Ta kashe kiran ta sake kira, ta matso da kwamfutar kusa da bakin Baba. Duka-duka bai kai tafasar ruwan citta ɗaya ba.

"In ya sake komawa da kansa, nan za ka duba," in ji ta. "Ko in rubuta maka? Na san ku marubuta sai da takarda."

Na ce ta rubuta.

Ranar Alhamis Malam Saifuddeen ya bayyana yana duba agogo, da alama ya riga ya gama shawara, ladabi ne kawai ya sa ya ɗauka. Wannan karon na zauna ta gefe, na rufe bakina. Baba ya gyara zama, ya yi sallama, ya tambayi gida da aiki da mutanen Kaduna ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga maganar Sarkin Kasuwa ta shafi na huɗu, inda yake raba faɗan dillalai biyu. Bai ɗaga murya ba. Ƙofar langa-langar zauren ce kawai na ji tana amsawa.

Malam Saifuddeen ya daina duba agogo. Ya juya ya yafito wasu da ba ma gani, kawuna uku suka leƙo ta bayansa. Baba ya zare hedifon daga kunne ɗaya ya miƙo min gefen don in ji.

"Baba," in ji Malam Saifuddeen, "don Allah kada a taɓa komai a wurin nan. Maimaita mana daga farko, yanzu za mu fara naɗa."