Munduwar Iya da Kulochin Baba

Sana'ata sayar da babura da kayan gyaransu a Tudun Wada, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da ni ya san ba ni da dogon labari. Amma akwai tatsuniya ɗaya da nake yawo da ita tun ina yaro, daga bakin kakata Iya, mahaifiyar Babanmu.

A wani ƙauye muka tashi can bayan Riruwai, tsakanin duwatsu, inda mota ba ta shiga in ruwa ya zauna. Idan damina ta yi nisa masara ta nuna, bayan magariba Iya takan hura wuta a ƙofar ɗakinta. Hayaƙin ya kori sauro, ni da ƙanwata Hansai mu jera masara a gefen garwashi. Iya ba ta buɗe baki sai an ba ta ta farko. Haƙoranta sun zube, don haka da babban yatsa take murje ƙwayar, ta riƙa jefawa baki ɗaya-ɗaya.

"Wannan miji nawa akwai rowa," haka take ce mini. "Ka ba ni mai ƙuna ka riƙe mai kyau. Gobe zan yi yaji in koma gidan mahauci."

In mun gama dariya sai ta gyara zama ta ce, "To, ga tatsuniya a bakin ƙofa, wa zai shigo da ita?" Mu ce mu ne.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta yarinya mai munduwa, ko da yake tsoro take ba mu. Wai wata yarinya ce ta je rafi ta tsinci munduwar azurfa a cikin yashi, ta zura a hannu. Ta yi mata kyau har mata suna tsayar da ita a hanya. Uwarta ta ce ta cire, ba a san mai ita ba. Ta ce sai bayan kasuwa. Kasuwa ta ci, ta ce sai bayan bikin ƙawarta. Ashe kowace safiya munduwar ƙara matsewa take yi kaɗan-kaɗan. Ranar da ta ji zafi ta nemi cirewa, abu ya ƙi. Aka shafa man kaɗe, aka murza sabulu. Ƙarti suka zo suka ja, hannu ya ƙara kumbura. Daga ƙarshe ubanta ya kai ta maƙera. Maƙeri ya ɗora kurfinsa na yankan ƙarfe ya buga, duk bugu ɗaya munduwar ta ƙara nutsewa cikin nama. Da hannu ya fara baƙi, sai aka yanke shi.

Kullum Hansai sai ta tambaya, "Iya, babu wata dabara kuma?"

Kullum amsar ɗaya ce. "Dabara? Ranar da ta saka, ko yawu ta tofa ai da ta fita."

Baba yana da wani tsohon babur, shi kaɗai ne a unguwarmu. Da shi ake kai buhu kasuwa, da shi ake kai mara lafiya. Tun farkon wata damina kulochinsa ya fara zamewa: a ba shi wuta, inji ya yi ta kuka, tudu ya gagara. Baba ya sayo sababbin farantan kulochi a kasuwa, ya rataye su cikin leda a jikin ƙusa a ɗakinsa. Umma, da cikinta ya tsufa, ta yi masa magana. Ya ce a bari a gama da gona, zai kai wa bakanike a Riruwai a yi aikin gaba ɗaya. Ba malalaci ba ne. Tun asuba yake fita sai duhu.

Naƙuda ta kama Umma da hantsi. Bayan la'asar ungozoma ta fito tana goge hannu, ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti. Baba ya tayar da babur, ya sa giya, ya saki hannu. Inji ya yi ƙara har kaji suka watse, taya kuwa ko juyawa ba ta yi ba.

Malam Buba, Bafulatanin da ke maƙwabtaka da mu, ya ce a ɗaura wa shanunsa amalanke.

Baba ya ce, "Amalanke sai yaushe za ta kai titi, Malam? Ga farantai ina da su. Yanzu zan sa."

Ya kwantar da babur a tsakar gida, ya tsiyaye baƙin mai a kwano, ya buɗe murfin inji, ya kwance noti. Saura ya zare cibiyar kulochi, wato ƙarfen tsakiya da farantan ke hawa kansa, daga kan sandar da take zaune. Ya ja, ta ƙi. Ya cusa sukudireba biyu ya ɓanɓara, ta ƙi. Ya zuba kananzir. Har aka kira magariba yana durƙushe a wurin.

Iya ta ja mu ƙofar ɗakinta ta hura wuta kamar kullum, don kada mu ji nishin da ke fitowa daga ɗakin Umma. Ranar ba ta nemi masara ba, ba ta tsokane ni ba. Hansai, da ba ta san me ake ciki ba, ta ce ita ta munduwa take so. Iya ta fara, da murya sama-sama yadda ba ta saba ba. Tana isowa inda ƙarti ke ja, Baba ya ɗauko guduma. Sai muryarta ta riƙa sarƙewa da ƙarar ƙarfe, ta faɗi kalma biyu a buga, ta faɗi biyu a buga.

Can Baba ya taso da tsohon kwano, hannunsa duk baƙin mai da jini. Ya durƙusa a gabanta.

"Iya, a ba ni wutar nan. In ƙarfen ya ji zafi wataƙila ya saki."

Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ba ta kuma dube shi ba. Ta ce, "Kwashe duka."

Ya kwashe ya bar mu cikin duhu da ɗanyar masara a hannu. Iya ba ta ƙarasa tatsuniyar ba. Muna kallo ya tara garwashi a kan cibiyar, Malam Buba yana fifitawa, man da ya saura yana hayaƙi. Ya sake bugu. Da ya haska tocila sai ya ga kan sandar ya baje kamar kan tsohon turke. Ya ajiye gudumar a hankali ya ce, "Malam, kawo shanun."

Bayan isha'i aka fita da Umma a kan katifa cikin amalanke. Ba su kai titi ba. A bakin rafi ta cika, da abin da ke cikinta. Da safe amalanken ta dawo da ita a rufe.

Babur ɗin ya shekara a ƙarƙashin rumbu, kaji suna kwana a kansa, kafin Baba ya bayar da shi. Iya ta ci gaba da hura wuta, ta yi mana wasu tatsuniyoyin har ta rasu. Ta munduwa dai ba ta sake yi ba, mu ma ba mu sake roƙo ba.

Ina yaro na ɗauka ma'anarta kada ka tsinci abin da ba naka ba. Da na shiga harkar babura na ga yadda ake zare cibiya da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a murza, ta fito kafin shayi ya huce, sai na ɗora laifin a kan gudumar. Na daɗe ina cewa a raina da Baba ya yi haƙuri. Yanzu da na kai shekarunsa na daina. Mutumin da matarsa ke nishi a ɗaki, ina zai samo haƙurin jiƙa ƙarfe da kananzir ya kwana? Ruwan rafukan da yake ratsawa ya shiga man inji, zafin zamewa ya ƙona farantan, haƙoran cibiya suka ci na sanda, kullum kaɗan-kaɗan. Maganar ta ƙare tun watannin da ledar nan ke rataye a ƙusa.

Kwanan baya wani manomi daga wajen Doguwa ya sayi farantan kulochi a shagona. Na ce ga bakanike nan a gefe, a sa masa yanzu. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, zai lallaɓa har bayan girbi." Ya cusa ledar a aljihu.

Na ce, "Wa ka bari a gida?"

Ya ce iyali, ga mai ɗakinsa ma watanta ya kusa.

Na fito daga bayan kanta, na zare makullin daga jikin babur ɗinsa na miƙa wa bakanike. Na jawo masa benci na ce, "Zauna, Malam. Zan ba ka labarin wata yarinya."