Shanun Kofur Ba Su Jin Hausa

Ranar wata Asabar, washegarin ruwan shuka na shekarar da na shiga aji biyar, muka tsaya a gonarmu ta bayan 'Yankuzo, ni da Baba da yayana Lawali, muna kallon bijimai biyu, su ma suna kallonmu. An ɗora musu karkiya, an kafa garma, ƙasa ta jiƙe sai ƙamshi take, maƙwabta har sun yi nisa da huɗa, amma namu ko kunne ba su kaɗa ba. Baba ya yi musu kirari, ya gwada kiran da ya ji Fulani suna yi, ya ɗan taɓa su da tsumagiya. Suka ci gaba da tuƙa abinsu. In rana ta ɗaga ƙasa ta sha iska, irin gyaɗar da Inna ta gama ɓarewa sai dai ya jira wani ruwan, wanda ba mai sanin ranarsa. Ni da Lawali mun san maganin sarai, amma muna tsoron tsumagiyar Baba.

Shanun na Kofur Ɗantani ne, tsohon soja maƙwabcinmu, wanda ya sayar wa Baba da su da rani lokacin da ya sami aikin gadi a Gusau. Ya raɗa wa ɗaya Saje, ɗaya Manjo, muƙaman manyansa na soja. "Sun daɗe suna zagina ina ƙamewa," in ji shi, "yanzu lokacina ne." Bai taɓa ce musu "mu je" ba. Sai ya cika ƙirji ya daka tsawa: "Manjo, buladi ful!" Nan take garma ta tsaga ƙasa. Mu yara muka tsince kalmar da murna, muka kai ta wajen langa da ƙwallon tsumma, muka yi wa awaki a kiwo, muka yi wa guga in ta faɗa rijiya. A makaranta duk wanda ya yi Hausa a aji sai ya share fili, saboda haka komai ya fito da Turanci ilimi muke ɗaukarsa. Ran da Lawali ya yi wa ƙanwarmu Hassi a kan ƙanzon tuwo ne muka gane kurenmu. Baba, wanda iyakar fushinsa ya ce da kai "ɗan albarka", bai san fassarar ba, amma ya san amon. "Zagi ko da wane yare ya zo, muryarsa guda ce," ya ce, yana karyo tsumagiya.

Muna tsaye haka sai ga Malam Garba, malaminmu na Turanci, a kan kekensa zai shiga Tsafe. Ya sauka gaisuwa, Lawali ya yi ta maza ya raɗa masa matsalar, shi kuma ya mayar wa Baba cikin ladabi. Baba ya haɗe rai ya nemi fassara.

"Malam Isa, kalma biyu ce," in ji Malam Garba. "Ta farko jini, ta biyu wawa. Turawan da suka kawo ta bariki su kansu ba su daidaita kan yadda jini ya shiga zancen ba. A can ƙasarsu dai ba a faɗinta gaban surukai."

"Babu uwa ciki?"

"Babu."

"Uba fa?"

"Ko kawu babu."

Baba ya dubi Manjo daga ƙaho har wutsiya. "To, wanga ai shaida ce. Jini dai yana da shi, kuma ban taɓa jin an je wurinsa ɗaukar karatu ba."

Ya riƙe garma ya furta ta a hankali, da muryar mai gaida maras lafiya. Manjo ya kori ƙuda da wutsiya. Malam Garba ya danne dariya ya ce irin waɗannan kalmomi ba ma'ana ke aiki a cikinsu ba, ƙarfin ne, kamar yaji a miya. Baba ya duba rana, ya duba ƙasa, ya waiga hagu da dama, sannan ya buɗe maƙogwaron da ba mu taɓa sanin yana da shi ba. Wayyo! Shanu suka zabura, ƙasa ta riƙa kifewa gefe da gefe, maƙwabta suka saki aiki suna leƙowa, ni da Lawali muna tsalle muna bin bayansa da iri. Da ya kai ƙarshen kunya ya ce "Astagfirullah!" da ƙarfi, ya juya. Haka ya yi a kowace kunya har muka gama kafin azahar. Kafin damina ta raba, Saje da Manjo sun gane cewa da istigfari ake tsayawa, suka zama shanun da ke tashi da Turanci su tsaya da Larabci.

Yanzu ina zaune a Gusau, na karanta littattafan da suka nuna mini cewa kalmar Kofur jaririya ce a gidan zagi. 'Ya'yana suna jin manyan a waya, waɗanda ba su bar uwa ba ba su bar uba ba, ana watsa su kamar ɓawon gyaɗa, ba fushi ba dalili, kuma ba na jin akwai bijimin da zai ɗaga ƙafa dominsu. Sai in tuna Baba riƙe da garma, gumi na zuba, yana auna kalma ɗaya kafin ya kashe ta. Nasa zagin, duk inda ya faɗi, kunya ce ke biyo bayansa.