Bakin da Na Rufe

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki na sayi sabuwar kwamfuta, na sa ta a shagona na Ƙofar Wambai ina haɗa wa 'yan siyasa fasta. Matsalarta ɗaya: manhajar da ke sarrafa hoto tsohuwa ce, ba ta jituwa da sabon injin. Da ka buɗe babban hoto sai allon ya daskare.

Wata dattijuwa daga Zaitawa ta kawo min hoton marigayi mijinta in ƙara masa girma. Ina buɗewa allon ya tsaya cak. Fuskar ta goce daga ƙasa, bakin ya ɗan buɗe kamar mai shirin magana. Na kashe na kunna har sau uku, kowane karo bakin nan yana buɗe. Tsikar jikina ta tashi.

Ita ko gezau. Kullum bayan la'asar sai ta zo, ta ce in kunna, ta zauna kan benci ta zuba masa ido. Aikina ya tsaya, raina ya ɓaci. Na zaga gari har na samo faifan manhajar da ta dace, na gyara abin.

Da ta zo na buɗe hoton ina taƙama. Ya fito tas, baki a rufe.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni.

“Malam, wa ya sa ka? Saura kaɗan ya faɗa min.”