Shamuwar Kaka da Tsamiyar Garinmu

Bara na koma garinmu na bakin kogin Komadugu neman kabarin Kaka Falmata, kuma duk tsawon hanyar tatsuniyarta ce a raina.

Muna yara, bayan sallar isha'i muke kewaye ta a bakin wutar bandar kifi, hayaƙi na cin idanunmu amma ba mai gusawa. Ba ta son surutu, wanda ya katse ta shi ke juya kifi. Ta ce shamuwa biyu ne ke zuwa garinmu duk damina. Ɗaya mai girman kai ce, takan rufe ido tana ƙirga bugun fikafikanta, wai ta san nisan gida. Iska ta riƙa karkatar da ita kaɗan-kaɗan ba ta sani ba, har ta sauka a rairayin Maine, ƙishirwa ta kashe ta. Ɗayar ma tana ƙirgawa, amma takan leƙa ƙasa: ga kwanar kogi, ga gonakin tattasai, ga tsamiya, sai ta gyara. Wata shekara ta zo ta tarar gobara ta cinye komai. Ta yi ta kewayawa har ta faɗo.

Na ce wannan ba adalci ba ne, ai ita ta yi daidai.

"Ta yi daidai, maigidana," in ji Kaka. "Garin ne ya tashi. Je ka juya kifi."

Ta rasu gab da 'yan bindiga su kore mu. Ranar jana'iza na ƙirga taku arba'in daga tsamiya zuwa kabarinta, gabas.

Da na ya da zango a Diffa, Bukar ɗan kawuna, makanike a filin jirgi, ya ba ni labarin jiragen nan marasa matuƙi da ke shawagi a kanmu. In an toshe musu tauraron ɗan'adam, wata na'ura a cikinsu ke lissafin gudu da juyi, kuskuren kuwa taruwa yake yi. Sai kyamara ta dubi ƙasa, ta gwada da tsohon hoton yankin da aka ɗora mata, jirgin ya gyara hanya. Na yi dariya, na ce Kaka ta riga su.

Da na isa garinmu dariyar ta ƙare. An sare tsamiya, ambaliya ta cinye gaɓar kogi, ƙaya ta rufe ko'ina. Na ƙirga arba'in sau uku daga inda nake zaton tsamiyar take, na tsaya wurare uku daban. Na yi fatiha a dukkansu ina kuka, don na gane ni ne shamuwa ta biyu.

Da na koma Diffa na gaya wa Bukar.

"A tsohon hoton, tsamiyarku na nan tsaye," in ji shi.

Na roƙe shi ya samo mini. Ya ce na soja ne, ba a fitarwa.