Gyara Ko Saye

Har yanzu Mai Firiji ake ce masa, ko da yake ya daɗe rabonsa da cin abinci da gyaran firiji. Da gyaran ya fara, a wata rumfar kwano a bakin titi, inda yayansa ya kai shi koyon sana'a bayan rasuwar mahaifinsu. Yayan kuku ne a wani gidan abinci, kuma daga albashinsa aka saya masa jakar aiki ta farko, da sukudireba da filaya da sifana a ciki. A yawon gyara ne ya lura cewa duk wurin da za a rufe, mai shi yakan sayar da kayansa a wulaƙance don ya rabu da su, alhali a wani layin akwai mai shirin buɗe sabon wuri yana neman irinsu ido rufe. Sai ya tsaya a tsakaninsu. Ya kama sito, ya cika shi da firiji masu ƙofar gilashi, da murhun gas, da kantoci, da sikeli, da injin niƙa nama, da teburan da har yanzu akwai busasshen cingam a manne a ƙarƙashinsu.

Dillalan gwanjo suna da yawa, amma shi ake fara kira, domin ba ya shigowa da fuskar mai saye. Babu mai wurin da yake son ma'aikatansa su ji labarin rufewa kafin lokaci. In suka ji, cokula sukan yi ƙafa, tukwanen gas su ragu, mai kawo nama ya daina zuwa, masu cin abinci su ji a gari su canza hanya. Saboda haka Mai Firiji yakan zo da tsohuwar jakarsa da rigar aiki mai maiƙo, a ce wa ma'aikata an kira mai gyara. Ya durƙusa bayan firiji ya saurari kukan injin, ya leƙa ƙarƙashin kanta ya ga ko tsatsa ta ci, ya ɗaure wani noti da ya saki don a ga ya taɓa wani abu. Su kuwa ma'aikata murna suke yi. Su ja hannunsa su nuna masa duk inda ke yoyo, duk ƙofar da ba ta rufuwa, duk abin da mai wurin zai so a ɓoye. Yana gyaɗa kai, yana rage farashi a zuciyarsa. Bai taɓa ɗaukar wannan ƙarya ba. A wurinsa sirrin mutane ne, kuma riƙe shi ne jarinsa.

Ana nan sai mai gidan abincin da yayansa ke aiki ya rasu, ɗansa ya gaji ginin. Ba a jima ba magajin ya kira Mai Firiji, suka yi magana a cikin mota, gilasai a rufe. Zai fasa ginin gaba ɗaya ya mayar da shi shagunan haya. Gidan abincin zai fara tashi, sannan kantin magani da shagon aski da ke ƙasa, kuma duk kayansu Mai Firiji zai fara zaɓa.

"Amma na san yayanka yana kicin ɗina," in ji magajin. "In magana ta fita, na san ƙofar da ta bi."

"Ranka ya daɗe, bakina ba ya yoyo."

Washegari da hantsi ya saka rigar maiƙo ya hau bene. Kicin ɗin ƙarami ne, bangonsa ya yi baƙi da hayaƙi, fanka ɗaya tana juya zafi. Yayansa na tsaye yana yanka albasa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kwandon roba saboda gwiwarsa da ke ciwo. Da ya ɗago ya gan shi, sai wuƙar ta tsaya. Ya san sana'ar ƙanensa sarai.

"Auta. Gyara ko saye?"

Magajin yana bakin ƙofa yana danna waya, kamar ba ya ji.

"Gyara ne, Yaya."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya kalle shi ya faɗa. Yayan ya saki ajiyar zuciya, ya yi dariya har haƙorinsa da ya karye ya fito.

"To, ka yi kyan kai. Da na ɗauka wannan murhun sai ya kai ni kabari kafin a duba shi. Zo ka ga abin kunya."

Ya zagaya da shi kamar mai nuna wa likita 'ya'yansa. Kan murhun na baya ba ya kamawa sai an hura masa. Ƙafarsa ɗaya ta karye, bulo ne ya tokare ta. Babban firijin yana zubar da ruwa, shi ya sa akwai tsumma a gabansa kullum. Tandar gashi tana ƙona gefe guda, sai an juya faranti a tsakiyar aiki.

"Ka ga wannan injin markaɗen? In ya yi fushi sai ka mare shi a nan. Halinku ɗaya, kai ma sai da mari ka yi karatu."

Masu wanke-wanke suka kwashe da dariya. Mai Firiji ya yi tasa dariyar, ya durƙusa bayan murhun don kada a ga fuskarsa.

Yana nan a durƙushe yayan ya sunkuyo ya rage murya.

"Zuwanka ma ya taimake ni. Mutanen kamfanin nan na bayan gari suna neman shugaban kicin a kantin ma'aikatansu. Aikin zaune, ka ce a yi a yi. Suna jiran amsata. Ni kuwa na ce in nan ɗin mutuwa zai yi, in tafi. Amma tunda yaron nan ya fara gyara, ai ba zan juya masa baya ba. Ubansa ya riƙe ni da mutunci."

Mai Firiji ya ɗago kai.

"Yaya, da ka karɓa. Kamfani ai kamfani ne. Ga gwiwarka."

Yayan ya ƙura masa ido.

"Akwai abin da ka sani ne?"

A bakin ƙofa danna wayar ya tsaya.

"Babu. Shawara ce kawai."

"To, riƙe shawararka, ka gyara min murhu."

Ya sauko daga benen yana lissafi irin nasa. A ƙarshen mako za a ƙulla ciniki. Da zarar kaya sun zama nasa, zai je gida ya sami yayan ya gaya masa komai, sannan a kira kamfanin. Ya san yayansa: mutum ne da sayen takalmi ma sai ya yi wata yana shawara. Ba zai ba da amsa da wuri ba.

Yayan ya ba kamfanin amsa a ranar, tun kafin a ɗora abincin rana. Ya yi musu godiya, ya ce ba zai zo ba, har ya ba su sunan wani matashi da ya taɓa koyon girki a hannunsa.

Ranar kwasar kaya, Mai Firiji ya so ya tura 'yan dako kawai, amma raba murhu da bututun gas ba aikin da ake bar wa kowa ba ne. Yana cikin kwance notin sai ya ji takun ƙafa mai ɗingishi a kan bene. Yayan ya shigo da rigar aikinsa a ninke a hammata. Ya dubi wurin da babban firijin yake, inda yanzu sai shatin datti mai kusurwa huɗu a ƙasa. Ya dubi magajin, wanda ya fara bayani a kan halin kasuwa. Bai saurare shi ba. Bai kuma dubi ƙanensa ba. Da 'yan dako suka kama murhun, sai ya ce:

"Ku tallafe ta baya, ƙafar a karye take. Za ta fasa muku yatsa."

Ya sa kafaɗarsa aka sauko da shi har cikin mota. Sannan ya kakkaɓe hannu ya tafi.

Mai Firiji ya sami kayan ginin gaba ɗaya kamar yadda aka yi masa alkawari, sitonsa ya cika har ya kama na biyu. Ya je kamfanin da kansa ya roƙa wa yayansa aikin. Aka ce an riga an ɗauki matashin, amma akwai gurbin mai yanka kayan miya, aikin tsaye. Yayan ya karɓa. Yanzu yaron da ya koya wa riƙe wuƙa ne yake gaya masa girman yankan da ake so. Mai Firiji ya aika masa da murhu mai kyau da firiji ƙarami, ya ce ya buɗe wurin kansa. Aka mayar da su a motar da ta kai su, da saƙon godiya.

Ba su yi faɗa ba. Ana gaisawa, ana haɗuwa a taron dangi. Wata rana da yamma Mai Firiji ya biya gidan yayan, ya tarar da babur a ƙofa da jakar kayan aiki ɗaure a bayansa. Matar yayan ta fito tana goge hannu da zani.

"Auta, kai ne? Sannu da zuwa. Firijinmu ne ya tsaya tun jiya."

Ta labulen falo ya hango wani baƙo a durƙushe bayan firijin, yana buga injin da bayan sukudireba, aikin wanda bai ƙware ba.

"Haba, Anti. Ina gari a kira wani? Zai lalata muku shi ne."

Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai yayan ya fito daga ɗaki yana jan gwiwa, da kujerar roba a hannu. Ya ajiye ta a tsakar gida.

"Zauna a nan, Auta, ka sha iska. A kawo masa ruwa."

"Yaya, bari in duba kawai. Ba sai na taɓa ba."

"A'a, zauna. Yara suna ciki. Kada su gan ka a bayan firiji hankalinsu ya tashi."

Ya zauna. Aka kawo ruwa, babu sanyi, ya sha.