Habibu mai kai sammaci tsibiri

...na ce ku aje taɓaryar nan ku saurare ni! Inna! Jummai! Habibunmu ya zama ma'aikacin kotu! Ƙanena, wanda na goya har bayana ya yi kanta!

Ke Zahra'u baƙuwa ce, bari in faɗa miki. Habibu tuƙin jirgi ya tashi da shi a bakin ruwan Yelwa. Karatu kuwa ya ɗan fi ni, shi ya taɓa sakandare, ni firamare ma da ƙyar aka tura ni na gama.

To akwai Malam Tanko, masinjan kotu, mai kai wa mutane sammaci. Bawan Allahn nan ko kwalbati zai tsallaka sai ya yi addu'a. In alƙali ya ce a kai takarda tsibiri, sai ya zo bakin ruwa, ya zauna wajen masu suyar kifi, ya miƙa wa Habibu: "Yaro, gwamnati ta aike ka." Shekara tara Habibu na kaiwa, Malam Tanko na ƙiba.

Kuma aikin ba wasa ba ne. Masunci in ya hango takarda sai ya tuƙa zuwa tsakiyar ruwa, ya ce shi yanzu a jihar Neja yake, kotun Kebbi ba ta kai nan ba. Habibu sai ya kashe inji ya jira shi. Ai tuwonsa dai a Kebbi ake tuƙawa.

Da Malam Tanko ya yi ritaya, aka kira masu neman aikin zuwa Birnin Kebbi. Su goma sha tara, kowa da difloma da takalmi sau-ciki. Inna ta ce kada Habibu ya je ya sha kunya. Ni na wanke masa kaftani.

Ya dawo yana ba mu labari. Wai aka ce ya jero kotunan jiha daga ƙasa zuwa sama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a jirgi na san su. Wanda ya fito ƙaramar kotun shari'a, zagi yake tun daga gaɓa har gida. Wanda ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, shiru yake, yana kallon ruwa. Wanda ya kai kotun ɗaukaka ƙara ta nan Birnin Kebbi, a jirgina yake komawa, don nasa ya sayar. Majistare layinsu daban, su babbar kotun jiha suke hawa, kuma lauya ke musu zagin."

Wai wani mai farin gemu ya yi dariya har ya cire tabarau. Habibu ya ce a ransa shi ke nan, an kore shi ke nan. Sati shida ba labari, har ya daina zancen.

Sai ɗazu ina tsinke zogale waya ta yi ƙara. Habibu ne.

"Yaya Hansatu, magatakarda ya ba ni takarda. An ɗauke ni!"

Na yi guɗa har zogalen ya kife.

"Tsaya mana, Yaya. Can wajen Zuru aka tura ni, kan tudu. Ba kogi."

Na ce, "To tsibiri fa, wa zai kai?"

"Wani mai difloma. Ga shi nan tsaye kusa da ni. Ya ce in tambaye ki, mijinki yana da jirgi?"