Ƙofar da Ba Ta Cin Keke

A unguwarsu, kowa Anti Tela yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shagonta ɗakin gaban gidansu ne: keken ɗinki mai feda, teburin da almakashi ya gama yi wa tabo, da buhun ƙyallaye a bayan ƙofa. Da wannan keken ta aurar da 'ya'yanta mata kaf. Mijinta direban bas ne, amma ba a kiransa sai Gola, don a ƙuruciyarsa shi ke tsaron ragar ƙungiyar unguwa a filin da ke bayan layinsu. A can ta fara ganinsa yana birgima cikin turɓaya, ta ce wa ƙawarta, "Duk wadda ta auri wannan ta shiga uku da wanki." Ashe da kanta take.

Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, yana ɗaura takalmi ne zai fita aiki. Da za a sallame su daga asibiti likita ya ce mata, "Maganinsa tafiya. Kullum ya taka, ko yaya ne. In ya zauna, ƙafar ma za ta zauna."

Filin nan ya zama asibitinsu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, ciyawa ta cinye gefensa, turakun raga sun karkace, lilon yara saura sarƙa ɗaya. Amma ƙasarsa a shimfiɗe take, ba babur, ba kwata. Da safe sai ta tallafe shi, ya dogara sanda, su lallaɓa daga gindin bishiya zuwa benci. In ya gaji ya zauna yana yi wa masu atisaye gyara da karkataccen bakinsa. Kafin shekara ta zagayo ya fara sakin hannunta.

Da aka ce za a gyara filin, ta fi kowa murna. Har ofishin kansila ta bi matan unguwa, ta roƙi a sa bencina da hanyar tafiya saboda marasa lafiya. Kansila ya ce, "Anti, ki sa a ranki an gama. 'Yan watanni ne."

Aka zagaye filin da kwano, katafila ta tone shi, aka jibge yashi. Daga nan ɗan kwangila ya yi ɓatan dabo. Damina ta cika ramukan, sauro ya samu gidan haya kyauta.

Tsakar gidansu ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, sai ta koma fita da shi bakin titi. Wata safiya mai babur ya goge shi ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Gola ya faɗi a kan bakin kwata, ƙugunsa ya tsage. Kafin ƙashin ya haɗe, ƙafar ta sandare kamar taɓarya. Surukinsu ya sayo masa keken guragu. Gola ya dubi keken ya ce, "To, gidan nan ya zama mai keke biyu. Naki na kawo abinci, nawa na ci." Ita ba ta yi dariya ba.

Sai da aka haura shekara biyu aka buɗe filin. Ta goge masa riga, ta tura shi har can. Ciyawa shar, fenti na ƙyalli. A bakin shiga kuwa matakala ce, a samanta ƙofar ƙarfe mai juyawa, wadda mutum ɗaya ke ratsawa a tsaye.

Ta ce wa mai gadi, "Ɗana, ta ina keke ke shiga?"

"Ai saboda masu babur aka yi ta haka, Mama."

"Babbar ƙofar can fa?"

"Makullinta na ofis. Sai in manyan baƙi za su zo da mota." Ya sosa ƙeya. "Ko in kira samari su cicciɓi Baba su tsallakar da shi?"

Gola ya ce, "Ni ba buhun siminti ba ne. Juya ni mu tafi gida."

Kafin ta juya shi ta leƙa ta tsakanin ƙarafa. Ga hanyar tafiyar da ta roƙa, sumul, ga bencina a jere.

Washegari ta koma wa kansila. Ya tarbe ta da fara'a, ya ce a yi haƙuri, hanyar keke tana cikin kashi na biyu na aikin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kashi na farko ya ci ƙafarsa. Na biyun me zai ci?" Ya ce a kawo wa Anti ruwa. Ba ta sha ba.

Ba ta ƙara taka ofishin ba, kashi na biyu kuma har yau shiru. Ta janye keken ɗinkinta zuwa uwar ɗaka, kusa da gadonsa, don yanzu ko juyi sai da ita. Da yamma in ihun 'yan kallon ƙwallo ya taso daga filin, yakan ce, "Rufe mana tagar nan." Sai ta rufe, ta kunna fitila, ta ci gaba da neman kafar allura da idon da ya fara gajiya.

Masu kawo ɗinki kan ce, "Anti, kin ga yadda filinmu ya koma kuwa? Kamar ba a unguwar nan ba!" Ita dai takan ja tef ɗin awo daga wuyanta ta ce, "Ɗaga hannu in auna."